Mai Lissafin Cikar Teku

A tudun Valparaíso, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don su leƙa jiragen ruwa,
akwai ɗaki mai taga ɗaya, shuɗin fentinsa ya ɓaɓɓare.
Nan Eliodoro Quilodrán yake raba dare da ido biyu.

Shekara goma sha tara ke nan
da ya rubuta 'yar manhaja saboda ƙaninsa masunci,
ta riƙa faɗa masa yaushe teku zai cika, yaushe zai janye.
Bai yi mata ƙyaure ba, balle kwaɗo.
Ya ce wanda ke so ya ɗiba,
wanda ya ga karkata ya miƙar.

Aka kuwa ɗiba.
Jiragen dakon jan ƙarfe suka haɗiye ta,
wani kamfani ya ɗinka mata riga ya kai kasuwa,
tana cikin aljihun mutanen da ba su san sunanta ba,
bare nasa.
Rijiyar bakin hanya, kowa da gugansa,
ranar yasa kuwa sai mai haƙa shi kaɗai.

Saƙonni ba su san dare ba:
"Ta tsaya, a gyara kafin Litinin."
"Kwana uku shiru, ko an mutu ne?"
Wani ya aiko da godiya da riga mai tambari,
ta yi masa kaɗan, ta zama tsumman goge gilashi.
Kamfanin wuta dai ba ya karɓar godiya.

Ni ma da ƙorafi na zo, ba zan ɓoye ba.
Millaray nake, ɗaliba, mai saurin baki.
Minti bakwai lissafinsa ya ci mini.
Na hau matakala ɗari da sittin da biyu,
magana cike da kumatuna,
na tarar da yatsa mai rawa yana laluben harafi,
shayi ya huce, burodi ya bushe a faranti.
Na haɗiye abin da na zo da shi.

Ya ce, "Bakwai? Zauna, nuna mini."
Sai da fitilun tasha suka kama muka gano ɓarawon:
waƙafi ɗaya, ya sauka a gidan da ba nasa ba.
Ya yi dariya har da tari.

Cikin Yuni, ruwan sanyi na dukan kwanon rufi,
ya miƙo mini mabuɗin manhajar.
Na ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
ko da hannun nan sabo ne.
Na zauna ina tatsar abin da ke kansa zuwa takarda,
yana faɗa, yana mantawa, yana dawowa.

Masunta ne suka fara.
Ƙungiyarsu ta yanka mana wani abu duk wata,
ranar Asabar kuma kifi biyu a naɗe cikin jarida.
Kamfanin mai riga na rubuta wa sau tara.
A ta goma suka amsa,
da abin da zai biya hayar na'ura da kwana biyu na makona.
Bai isa ba. Na karɓa.

Yanzu mu huɗu ne:
ni, da Anselmo na Talcahuano,
da wasu mata biyu a bakin wani teku
da ban taɓa ganin fuskarsu ba.
Mukan yi gardama a kan abin da bai kai ƙwayar gishiri ba.

Eliodoro kuwa ya koyi barci.
Da yamma yakan sauka gaɓa riƙe da agogo,
ya jira ruwa ya taɓa dutse na uku.
In ya taɓa a kan lokaci, ba ya cewa komai,
sai ya gyara hula.

Jiya wani ya sake rubutowa:
"A gyara kafin Litinin."
Na ce masa rijiyar na nan a buɗe, malam,
ajiye gugan,
ga igiya, ga kwando, sauko.